Yadda gajeren taku ke kare masu gudu daga ciwon gwiwa

A garin Azare, hedikwatar Masarautar Katagum a Jihar Bauchi, matasa kan fita gudu da sassafe, wasu domin ƙwallon ƙafa, wasu domin shirin neman aikin soja. Ciwon gwiwa ko na ƙwauri kan iya raba matashi da wannan dama.

A kowane taku, ƙafar mai gudu na ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Idan ya jefa ƙafa can gaba, ya sauke diddige alhali gwiwa na miƙe, ƙarfin bugun ƙasa yakan tafi kai-tsaye zuwa gaɓoɓi.

Wani bincike na Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 2011 ya nuna cewa ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ba tare da ƙara sauri ba, na rage nauyin da ke faɗa wa gwiwa.

Rairayin yankin na sassauta bugun fiye da kwalta, amma yana gajiyar da sha-raɓa da agara. Don haka ake ƙara nisan gudu sannu a hankali, a kuma ga likita idan ciwo ya ƙi lafawa.