Gure: ba Faransanci kaɗai ke kayar da ƴaƴanmu a gaban masu ɗaukar aiki ba

Tun daga ranar 26 ga Maris 2025, da Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasar Nijar, wata magana ke yawo a fadodin samarin Gure: wai tunda Hausa ta zama harshen ƙasa, an rabu da wahalar Faransanci a wurin neman aiki. Na ji ta a tasha, na ji ta a teburin mai shayi. Duk wanda ya karanta kundin ya san ba haka aka rubuta ba. Gaskiya ne Hausa ce harshen ƙasa, amma Faransanci da Ingilishi aka bari a matsayin harsunan aiki. Har gobe da Faransanci ake haɗa dosiye, kuma wanda ya yi tafiyar kilomita kusan 160 zuwa Damagaram don ganawa da masu ɗaukar aiki, ko a matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 ko a wata ƙungiya, da shi za a fara yi masa tambaya.

Abin da ya fi damuna shi ne, ko da an wayi gari an mayar da ganawar duka da Hausa, yaranmu da yawa za su faɗi.

Na taɓa zama cikin kwamitin tantancewa na wata ƙungiya da ke neman ma'aikatan da za su bi ƙauyuka kan aikin tsayar da rairayi. Wani saurayi ya shigo da kwat na aro, hannun rigar ya rufe masa yatsu, ga zafin bazara. Aka ce ya gabatar da kansa. Ya kafa ido a ƙasa ya fara jero jimlolin Faransanci da ya haddace kamar mai tilawa: sunansa, ranar haihuwarsa, da cewa shi mai ƙwazo ne. Ana cikin haka kalma ɗaya ta ɓace masa, komai ya tsaya cik, zufa ta karyo. Dattijon da ke shugabantar zaman ya ajiye biro ya ce, "Ɗana, bar wannan. A garinku in rairayi ya taso wa kwari, me kuke yi?" Yaro ya ɗago kai. "Baba, sai an duba ta inda iska ke zuwa tukuna." Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya bayyana yadda ake kafa shingen kaba a gicciye, da lokacin dasa itace bayan ruwa ya jiƙa ƙasa, da yadda ake shawo kan makiyaya kada awaki su cinye dashen. Ashe damina uku ya yi yana wannan aiki. Ashe yana jin Barbarci da Fulatanci, har da ɗan Tubanci. Ko ɗaya bai rubuta a takardarsa ba. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce ai wannan ba karatu ba ne.

Ƙa'idodin ganawar ba su da wuya: ka zo da wuri, ka sa tufafi masu tsabta waɗanda ka saba da su, ka san aikin da ake nema, ka faɗi abin da ka taɓa yi a taƙaice, kada ka yi ƙarya. Kowa na iya koyon wannan a yini guda. Abin da ba a koyo a yini guda shi ne mutum ya yi maganar kansa da bakinsa, kuma wannan yana da tarihi a ƙasar nan wanda ba a koyar da shi a lakwal.

Gure gari ne na sarauta, babban birnin Muniyo. A watan Disamba 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ke yawo da sunan Abdulkarim, ya yada zango a nan a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya gana da Muniyoma Koso. Baƙo irin wannan ba ya faɗawa fada ya hau lissafin kansa. Daga wurin Shehu Umar na Borno ya fito, sunan wanda ya sallamo shi ne ke buɗe masa ƙofa. Haka fatauci ya gudana shekaru aru-aru. Falken da ya ɗauko kanwa da manda daga ƙasar Mangawa ya nufi Kano ba shi ke tallar amanarsa ba. Fatoma ke saukar da shi, dillali ke shaidar kayansa. A neman aure waliyyai ke magana, ango na gefe. A fada maroƙi ke faɗin asalin mutum da bajintar kakanninsa. Tsari ne mai kyau, ya riƙe kasuwa da zumunci, kuma daga cikinsa muka samu karin maganar da kowace uwa ke faɗa wa ɗanta, cewa yabon kai jahilci ne. Yaron da aka rena a kan kada ya kalli babba cikin ido, kada ya riga shi magana, shi ne muke turawa ɗakin da ba fatoma, ba dillali, ba maroƙi, mu ce ya yi wa kansa shaida cikin minti biyar. In ya sunkuyar da kai, mai tambaya ya rubuta cewa ba shi da ƙwarin gwiwa, alhali ladabi yake yi.

Amma al'adar ba ta taɓa hana mutum faɗin abin da ya iya ba. Ɗan kokawa, tun gasar takobi ta farko a Tawa a 1975 har yau, da bakinsa yake kirari kafin ya shiga fage, ba wanda ya ce masa marar kunya. Malamanmu kuma sun san aya ta 55 a Suratu Yusuf, inda Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan rumbunan ƙasa, ya ambaci tsaron amana da sanin aiki. Fariya ita ce ka faɗi abin da ba ka da shi, ko ka faɗa don ƙasƙantar da wani. Wanda ya ce "na yi damina uku ina kafa shinge, ina jin harshe huɗu" shaida ya bayar, kuma ɓoye shaida ba tawali'u ba ne.

Don haka maganata ga malaman makarantun sakandare na Gure ita ce: kafin yaro ya fita da birebe ko bak, a zaunar da shi ko sau uku a gaban mutum biyu, ya faɗi abin da ya iya da Faransanci, ya sake faɗa da Hausa. Wannan ba ya buƙatar kasafi daga Yamai, kujera uku ce da awa ɗaya. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da hukumar samar da aikin yi ta ANPE su ma ba su da uzuri. Ƙungiyoyin da ke aiki a kwaruruka kuwa, me ya sa za a auna wanda zai yini da manoman dabino da makiyaya da Faransancinsa kaɗai? A raba ganawar biyu, a ba harshen ƙauyen da zai yi aiki maki na kansa, a rubuta hakan ƙarara cikin sanarwa. Iyaye kuma a daina tsawata wa yaro duk lokacin da ya ce "na iya".

Saurayin nan an ɗauke shi aiki. Sai dai akwai waɗanda suka shiga kafinsa a wannan safiya, su ma suka jero haddarsu suka sunkuyar da kai suka fita, kuma a cikinmu, har da ni, ba wanda ya tambaye su me ake yi a garinsu in rairayi ya taso.