Yadda YouTube ya zama makarantar masu shan lofe bayan shagunan taba sun ja baya

Bidiyon yakan fara ne babu kiɗa, babu ado. Wani magidanci mai furfura zai zauna a barandar bayan gidansa, ko a garejin mota, ko ma a cikin motar kanta, ya gaishe da masu kallo, ya ɗaga lofen da ke hannunsa ya faɗi wanda ya ƙera shi, sannan ya ambaci sunan tabar da ya ɗura. Sai ya ƙyasta ashana, ya yi shiru har wuta ta kama, kana ya shiga hira. Yana iya shafe rabin sa'a yana magana a kan ɗanɗanon ganyen, ko yanayin gari, ko rasuwar wani aboki.

Irin waɗannan tashoshi suna da yawa a YouTube, akasarinsu daga Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashen Turai, kuma masu su suna kiran kansu da gajeren suna YTPC, wato jama'ar masu shan lofe ta YouTube. Wanda ya ci karo da su a karon farko zai iya ɗauka ɓata lokaci ne kawai. Amma a wajen masu wannan sha'awa, tashoshin sun ɗauki nauyin wani aiki da a da kakanni da masu shagunan taba suke yi.

Abin da ba ya koyuwa a takarda

Lofe ba sigari ba ne da za a kunna a zuƙa a yar. Yana buƙatar koyo, kuma mafi yawan masu farawa sukan sha wahala a makonnin farko. Idan aka danna taba da ƙarfi a cikin ƙoƙon lofen, iska ba za ta ratsa ba. Idan aka bar ta sakwa-sakwa, sai ta ci wuta da sauri ta ƙone harshe. Idan ganyen ya cika danshi, sai ruwa ya taru a ƙasa, lofen ya riƙa ƙara kamar ana kurkurar baki.

A zamanin da lofe ke hannun kusan kowane dattijo a Turai, yaro yakan koyi waɗannan abubuwa da ido, yana kallon mahaifinsa. Wanda bai samu haka ba, sai mai shagon unguwa ya nuna masa. Wannan sarƙar ta tsinke. Masu shan lofe sun ragu ƙwarai tun daga ƙarshen ƙarni na 20, shaguna da dama sun rufe, sannan dokokin hana shan taba a wuraren aiki da taruwar jama'a, irin wadda Ailan ta fara aiwatarwa a 2004 da wadda Ingila ta bi da ita a 2007, suka raba su da mashaya da gidajen abincin da suke haɗuwa. Mutum zai iya shekara a garinsu bai ga wani mai lofe ba.

A nan ne bidiyo ya fi rubutu. Littafi zai ce a ɗura taba hawa uku, na farko a hankali, na biyu da ɗan ƙarfi, na uku da ƙarfin da ya ɗara. To amma mene ne "ɗan ƙarfi"? Sai an ga yatsa yana dannawa, an ga yadda ganyen ke ɗan dawowa sama, kafin a fahimta. Haka batun kunnawa sau biyu: wutar farko ta babbake saman tabar ta kumbura, a danne tokar, sannan a sake kunnawa. Haka kuma saurin zuƙa, wanda shi ne sirrin abin baki ɗaya. Mai koyo da ya zauna ya kalli gwani na minti ashirin zai lura cewa yawancin lokacin lofen na hannu ne, ba a baki ba, kuma mutuwar wuta a tsakiyar sha ba abin kunya ba ne.

Masu wannan sha'awa sun ɗauki jinkirin da muhimmanci har suna yin gasa a kansa. A gasar ƙasa da ƙasa, kowane ɗan takara yana samun giram 3 na taba, da ashana biyu, da ɗan katakon dannawa. Wanda lofensa ya fi daɗewa bai mutu ba shi ne zakara, kuma an taɓa wuce sa'o'i uku.

Ilimin itace da na ganye

Fannin da tashoshin suka fi nuna amfaninsu shi ne na kayan aikin kansu, domin nan ne sabon shiga ya fi asarar kuɗi.

Mafi yawan lofe na kirki ana sassaƙa su ne daga kullutun saiwar wani ɗan itace da ke tsiro a gaɓar Bahar Rum, wanda Turawa ke kira briar. Yana jure zafi, kuma garin Saint-Claude na Faransa ya yi suna da sarrafa shi tun tsakiyar ƙarni na 19. Akwai na farin dutse mai laushi da ake haƙowa a yankin Eskişehir na Turkiyya, wanda ke rikiɗa zuwa ruwan zuma bayan shekaru ana sha. Akwai kuma na totuwar masara, wanda kamfanin Missouri Meerschaum na Amurka ke yi tun 1869. Abin lura shi ne, yawancin tsofaffin hannu a YouTube wannan na totuwar suke ba sabon shiga shawarar ya fara da shi, saboda arha ne, kuma idan ya ƙone shi bai yi babbar asara ba. Shawara ce da ba kowane mai shago zai bayar ba, alhali ga lofen Peterson na Dublin ko Savinelli na Italiya a kan kanta.

Sai masu gyara. Akwai tashoshin da ba su da aiki sai sayo tsofaffin lofe da aka yi watsi da su a kasuwar kwance, su kankare gawayin da ya yi kauri a ciki, su cika ƙoƙon da gishiri da barasa don zuƙe warin tsohuwar taba, su goge bakin roba da ya dafe ya koma kore har ya dawo baƙi wuluk. Sana'a ce da a da take hannun mutane ƙalilan a bayan shago. Yanzu duk mai haƙuri zai iya koyonta daga ɗakinsa, kuma wasu masu sassaƙa lofe na wannan zamani ta kallon irin waɗannan bidiyoyi suka fara.

Ganyen ma duniya ce guda. Virginia mai zaƙi, Burley mai saurin ɗaukar ƙamshin da aka zuba masa, Latakia da ake busarwa da hayaƙi, wadda ta samo sunanta daga birnin Siriya, da Perique wadda ake matsewa a ganga a gundumar St. James ta jihar Louisiana. Ba a jin ƙamshi ta waya, gaskiya ne, kuma bayanin ɗanɗano a wasu bidiyoyin yakan zarce hankali. Duk da haka, mai kallo da ya bi mutum ɗaya na tsawon watanni yakan gane ko bakinsu ya zo ɗaya, ya san wanda zai yarda da shi kafin ya sayi gwangwani.

Shekarar 2018 ta nuna wani amfanin da ba a yi tsammani ba. A shekarar ne kamfanin McClelland na Kansas City ya rufe bayan kimanin shekaru 40, kuma a cikinta ne aka daina yin tabar lofe mai sunan Dunhill. Labarin ya bazu ta tashoshin cikin sauri, jama'a suka wawashe abin da ya rage a shaguna, farashin gwangwanin McClelland ya ninka a hannun masu sayar da na ajiya. An sake ganin irin haka bayan da kamfanin Scandinavian Tobacco Group ya sayi Mac Baren a 2024, ya kuma sanar da shirin rufe masana'antar Sutliff da ke Richmond. Bidiyoyin da aka yi a kan haɗe-haɗen da suka ɓace sun zama taskar tarihi: ga kamannin ganyen, ga yankansa, ga abin da masu sha suka ce a kansa lokacin yana kasuwa.

Zumuncin kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Wani ya yi tambaya a bidiyonsa, wasu su amsa da nasu bidiyon. Suna aika wa juna kyaututtuka ta gidan waya, suna buɗewa a gaban kyamara. Ranar 20 ga Fabrairu suna bikin ranar masu shan lofe ta duniya, wasu kuma su yi tattaki zuwa baje kolin lofe na Shikago su ga fuskokin da suka saba gani a allo. Ga dattijon da ya yi ritaya yake zaune shi kaɗai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda tashoshin suka gaza

Sai dai makarantar tana da darasin da ba ta son koyarwa. A duk lokacin da batun lafiya ya taso, hujjar da aka fi ji ita ce mai lofe ba ya haɗiye hayaƙi zuwa huhu, sannan a kawo rahoton babban jami'in lafiya na Amurka na 1964, wanda ya nuna cewa yawan mace-macen masu lofe bai zarce na marasa shan taba sosai ba. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, rahoton nan ya alaƙanta lofe da sankarar leɓe, kuma bincike bai tsaya a 1964 ba.

A 2004, masu bincike na Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka sun wallafa sakamakon bin diddigin maza fiye da 138,000 na tsawon shekaru 18. Sun gano cewa haɗarin mutuwa da sankarar huhu ga masu shan lofe zalla ya kai kusan ninki biyar na waɗanda ba su taɓa shan taba ba, na sankarar maƙogwaro kuwa ya haura ninki goma. Haɗarin bai kai na sigari ba, amma tazarar da ke tsakanin "bai kai sigari ba" da "ba shi da illa" tana da faɗi, kuma a cikin wannan tazarar ne hirar tashoshin take yawan shagala.

Wannan shi ne ainihin abin da ke damun masu fafutukar lafiya. Abin da ya sa bidiyoyin suka yi tasiri, wato natsuwa da dattaku da rashin kama da talla, shi ne kuma ya sa suka fi talla shiga rai. Matashin da ya ga lofe mai dogon wuya a finafinan The Lord of the Rings, ya nemi ƙarin bayani, zai tarar da malamai masu fara'a suna jiran sa, kuma shagon da a da zai duba shekarunsa babu shi a tsakani. Yarjejeniyar taƙaita shan taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fara aiki a 2005, ta buƙaci ƙasashe su hana tallan taba ta kowace fuska. Amurka, inda yawancin tashoshin suke, ta sa hannu amma ba ta tabbatar da ita ba. Nijeriya kuwa ta tabbatar, kuma dokarta ta 2015 ta hana tallan taba da sayar da ita ta intanet, amma bidiyon da aka ɗauka a wata baranda a Amurka yana isowa wayar da ke Abuja ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

YouTube ya ɗauki matsaya ta tsaka-tsaki. Bai haramta bidiyoyin ba, amma ƙa'idojinsa sun taƙaita kuɗin talla a kan abin da ke tallata taba, sun hana sayar da ita ta dandalin, kuma yakan sanya wa wasu bidiyoyin shingen shekaru 18. Sakamakon haka, mafi yawan masu tashoshin ba wani kuɗin kirki suke samu ba, abin da su kansu suke kafa hujja da shi cewa sha'awa ce ta tara su ba ciniki ba. Suna kuma sane da cewa a gidan aro suke zaune. Duk lokacin da kamfanin ya sauya ƙa'ida, sai a ga sabbin bidiyoyi na fargaba, wasu kuma tuni suka fara kwashe tsofaffin ayyukansu suna ajiyewa a wasu dandalan.