Tausa da Amfaninta ga Masu Nakasa

Tausa ita ce matsa tsokar jiki da murza ta da hannu, a hankali kuma bisa tsari, har ta saki. Hausawa sun daɗe da saninta: ungozoma na yi wa jariri da mai jego, maɗori na yi da man kaɗanya bayan karaya ta haɗe. A asibiti kuwa tana cikin aikin sashen gashin ƙashi, irin wanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda ake haɗa ta da atisayen motsa gaɓoɓi.

Tausa ba ta farfaɗo da jijiyar da ta mutu. Ƙafar da shan inna ya shanye ba za ta miƙe ba don an shekara ana murza ta, kuma duk mai yin irin wannan alkawari kuɗin mutane kawai yake so. Amfaninta yana kan wahalhalun da ke biyo bayan nakasar, waɗanda sau da yawa sun fi nakasar kanta hana mutum sakat.

Masu shan inna su ne misali mafi kusa. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, bayan an ga ta ƙarshe a Jihar Borno a 2016, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da yawa. Mai tuƙa keken guragu da hannu, ko mai dogara sanda, ko mai rarrafe, ya ɗora wa kafaɗa da wuyan hannu nauyin da aka halitta wa ƙafa. Shekara da shekaru a haka sai tsokar wuya da ta baya su ɗaure, ciwo ya zauna, barci ya gagara. A nan tausa ke rage zafi, jini ya ƙara zagayawa a wurin, mutum ya samu ya runtsa. Abin lura shi ne hannu mai lafiya ya fi ƙafar da ta shanye buƙatarta, alhali ƙafar ce 'yan uwa suka fi mayar da hankali a kai.

Ga mai shanyewar ɓarin jiki da yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa, matsalar ita ce sandarewa: yatsu su dunƙule, gwiwar hannu ta ƙi buɗewa. Shafa mai laushi na sassauta su na ɗan lokaci, kuma a wannan ɗan lokacin ake miƙar da gaɓar don kada ta ƙage gaba ɗaya. Matsa da ƙarfi yana iya ƙara sandarewar, jan hannun da ya shanye kuma na iya gurɗa kafaɗa.

Masu raunin laka sukan yi fama da taurin bayan gida. Murza ciki na taimakawa idan aka bi hanyar babban hanji, wato daga ƙasan dama zuwa sama, a tsallaka ƙarƙashin haƙarƙari, a gangara ta hagu. Wanda aka yanke wa ƙafa kuma, idan miki ya warke sarai, tausar dungun na tausasa tabo ta shirya shi karɓar ƙafar roba.

Akwai wuraren da ba a sa hannu. Idan ƙafar mai dogon kwanciya ta kumbura, ta yi zafi, mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe jijiya. Murza ta na iya tura shi huhu ya yi kisa, don haka asibiti ake nufa. Ba a murza fatar da ta canza launi a ƙugu ko diddige, domin farkon gyambon kwanciya ke nan. Ƙashin gaɓar da ta daɗe ba ta taka ƙasa ba yana da saurin karyewa. Wanda ba ya ji a ƙafarsa kuma ba zai san ruwan gashi ya ƙona shi ba sai fata ta tashi.

Saboda haka iyalin da ke son yi wa nasu tausa a gida su fara neman ma'aikacin gashin ƙashi ya nuna musu a jikin majinyacin. Kafin a taɓa shi a tambaye shi, ko da magana na yi masa wuya, a bar shi ya zaɓi wanda zai yi masa, namiji ko mace, kuma a dakata da zarar ya nuna ciwo.