Suchmos: Kiɗan Japan Mai Ratsa Zuciya

A Jalingo, da an ambaci Japan, Honda ko Toyota da ke wucewa a titin Hammaruwa ce ke faɗo wa mutum a rai. To, ƙasar ta yi fice a kiɗa ma, ƙungiyar Suchmos kuwa shaida ce.

Wasu samari 'yan yankin Kanagawa, kusa da Tokyo, suka kafa ta a 2013. Sun aro sunan daga "Satchmo", laƙabin Louis Armstrong, shahararren mabushin jaz na Amurka. Salonsu haɗa jaz da kiɗan birni na zamani ne: ganga na takawa sannu-sannu, jitar bes na gurnani daga ƙasa, piyano na ratsawa, sannan muryar mawaƙinsu Yonce ta hau kai cikin natsuwa.

Waƙarsu "Stay Tune" ta 2016 ta karaɗe Japan, har aka sa ta a tallar motar Honda. Sun dakata a 2021, suka dawo fage a 2025.

Kunnen da ya saba da zancen kalangu ba zai yi baƙunta a nan ba. Idan dare ya yi, gari ya yi tsit, kunna waƙar a wayarka ka bi sawun bes ɗin shi kaɗai. Nan daɗin yake.