Ƙiba ba ita ce lafiya ba: kira ga ƴan kasuwar Yamai

Duk wanda ya bi ta unguwar Filato da sassafe ko bayan la'asar zai ga mutane suna zagaya filin wasa na Janar Seyni Kunce, wasu da gudu, wasu da sassarfa. Ga kasuwar Katako nan kusa, amma da wuya a ga uwargida mai kayan miya ko alhaji mai shago a cikinsu, alhali su ne ke wuni zaune tun safe har magariba.

A ƙasarmu mun saba ɗaukar jiki a matsayin shaidar daɗin gidan miji. Mace in ta rame sai a ce ba ta samun kulawa. Wajen ƴan uwanmu Zabarmawa har akwai al'adar hangandi, ta ciyar da mace sai ta cika. To amma binciken da ma'aikatar lafiya ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, a shekarar 2007 ya nuna cewa fiye da mutum 1 cikin 3 na manya a Nijar yana da hawan jini, wanda muke kira tansiyo, kuma wajen 4 cikin 100 suna da ciwon sukari. Ƙiba tana cikin manyan abubuwan da ke jawo waɗannan cututtuka.

Lissafin ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwa. In kaya na shigowa ba sa fita, shago cika yake. Haka abincin da jiki bai ƙone da aiki ba, kitse yake zama. Mu duba wunin kasuwa: farin masa ko ƙosai da safe, shinkafa mai maiƙo da rana, shayi zagaye uku, lemun kwalba saboda zafi, sannan taksi ko kabu-kabu har ƙofar gida. OMS ta ce kada sukarin babba ya wuce giram 50 a rana, kimanin ƙaramin cokali 12, alhali kwalbar lemu guda tana iya ɗaukar cokali 8. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, ga shi dunƙulen da muke jefawa a miya kusan rabinsa gishiri ne.

Kowane shekaru da nasa buƙatu. Jariri nonon uwa zalla yake so har wata 6. Binciken shekarun nan ya nuna fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ba su kai tsawon da ya kamata ba, don haka yaro yana buƙatar wake, ƙwai, kifi da zogala, ba alewa da biskit ba. Ɗan makaranta kuma ya samu awa ɗaya kullum yana guje-guje.

Ga ƴan mata da matan aure, babban haɗari shi ne ƙwayoyin ƙiba da ake saye hannun masu tallar magani. Wasu irinsu deksametazon ne. Kumburin da suke kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ciki, suna ɗaga sukari da tansiyo, suna raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke lokaci guda, ta je wajen likita ya rage mata sannu a hankali.

Babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiya da sauri ta minti 30 kwana 5. Ba sai an sayi kayan wasanni ba. A sauka daga mota kafin a kai kasuwa, a ƙarasa da ƙafa, a riƙa miƙewa daga rumfa lokaci-lokaci. Iyayenmu da suka haura shekara 65 naman jikinsu raguwa yake, shi ya sa zama wuri ɗaya ke kayar da su. Su riƙa tafiya masallaci da ziyarar dangi da ƙafa, a ba su nono, wake da kifi.

Abincin gyara ba mai tsada ba ne, mu ne ma ke sayar da shi: kopto, dambu, rama, kabeji da salati na lambunan bakin kogi, da fura ba tare da an cika mata sukari ba. A ari ma'aunin tela a auna ƙugu. In ya wuce santimita 80 ga mace, ko 94 ga namiji, lokacin kulawa ya yi. Mai kilo 80 in ya rage kilo 4 kawai, sukarinsa da tansiyonsa suna iya sauka.

Tansiyo ba ya sallama kafin ya shigo, sau da yawa sai ya shanye wa mutum ɓarin jiki ake ganewa. Ranar da mai rumfa ta kwanta, ciniki ya tsaya, adashi ya tsaya, jari ya tafi sayen magani. Saboda haka muna kira ga ƴan kasuwarmu maza da mata, su leƙa asibitin unguwa a auna su ko da ba sa jin komai. Lafiya uwar jiki, ita ce kuma jarin farko.