Alƙalami bai isa ba, kwantabul sai da baki da kunne

Kowa ya san darajar kwantabul, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira akanta. Shi ke riƙe da littattafan shige da ficen kuɗi a ma'aikata, da kamfani, da ƙungiyar manoma. An saba ɗaukar cewa aikinsa ya ƙare da zarar lissafi ya daidaita. Amma lissafin da mai dukiya bai fahimta ba, tamkar rijiya ce babu guga.

Mu ɗauki misali daga kasuwa. A littafin kwantabul, ana rubuta kuɗi da tamma, watau faran na sefa. Shi kuwa ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram, da dala yake ƙirga, dala ɗaya kuma tamma biyar ce. Idan kwantabul ya karanta 500 a takarda ya ce "ɗari biyar", mai shago zai ji dala ɗari biyar, watau tamma 2.500, jaka biyu da rabi, alhali dala ɗari ake nufi. Kuskure bai shiga littafi ba, amma ya shiga kunne, daga nan kuwa ake soma zargi.

Ta fannin ƙa'ida, an yi nisa. Ƙasar Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Port-Louis a shekarar 1993, tana kuma da ƙasashe 17. Tun ranar 1 ga Janairun 2018, kamfanoninmu ke bin sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA. Ƙwararrun wannan sana'a suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, ONECCA. Mai neman babban digirin DECOFI na ƙasashen UEMOA kuwa, sai ya yi shekara uku yana koyon aiki a hannun wani ƙwararre. Sai dai duk waɗannan littattafai da jarrabawa da Faransanci ake yin su, yawancin masu dukiyar kuma da harsunan gida suke ciniki.

Masana a duniya sun lura da muhimmancin abin. Tarayyar ƙungiyoyin masu lissafi ta duniya, IFAC, wadda aka kafa a 1977, tana da ƙa'idojin horo. Ta ukunsu ta sanya iya hulɗa da jama'a da iya isar da magana cikin abubuwan da dole ɗalibi ya ƙware a kansu kafin a kira shi gwani. Ta ambaci saurare da kyau, da magana a fili a taƙaice, da la'akari da bambancin harshe da al'ada, da sasanta saɓani.

A wurinmu, abubuwa uku ne suka fi cancanta a koyar. Na farko shi ne bayani. A ce alhaji ya sayi motar kaya a kan miliyan goma, aka ƙiyasta za ta yi aiki shekara biyar. Kwantabul zai cire miliyan biyu kowace shekara daga riba, domin motar tana tsufa. Idan bai iya bayyana haka da Hausa ko Zabarmanci ba, alhaji zai tambaya wa ya ɗauki kuɗin. Haka nan harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari: wajibi ne a nuna wa mai shago cewa amanar gwamnati ce ya karɓa daga masu saye, ba ribarsa ba.

Na biyu shi ne saurare. Ɗan kasuwa ba ya faɗin bashin da ke kansa ga wanda ya shigo ba gaisuwa, ko ya katse masa magana. Da yawa daga cinikinmu a kan amana ake yin sa, ba takarda. Kwantabul mai haƙuri ne kaɗai ke iya gano shi, ya shigar da shi littafi.

Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne faɗin "a'a". Ranar da maigida ya nemi a rage adadi don a guje wa lampo, yaro matashi zai tsaya gaban sa'an mahaifinsa. Idan ya yi shiru, ya ci amanar sana'a. Idan ya yi rashin kunya, ya rasa aiki. Ana iya koyon yadda za a ƙi cikin ladabi, a nuna tarar da ke biyo baya.

Waɗannan ba a koyonsu da hadda. Ya kamata malamai su sa kowane ɗalibi ya tashi gaban 'yan'uwansa, ya bayyana lissafin shekara cikin harshen gida, kamar yana gaban taron manoman albasa na Galmi. Ya kamata kuma masu fassara da ƙwararru su zauna su daidaita kalmomin sana'ar, musamman tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa.

Hausawa sun ce magana jari ce. Ga kwantabul kuwa, ita ce jarin da ke tsare sauran dukiya. Allah ya sa mu dace.