Idan Aka Damfare Ka a Cinikin Intanet, Ta Ina Kuɗinka Za Su Dawo?

Akwai kasuwar da ke ci dare da rana a wayoyin matasanmu, kuma babu abu ɗaya a cikinta da za a iya ɗauka a hannu. Ana sayar da UC na wasan PUBG Mobile, da lu'ulu'un Free Fire, da sulallan TikTok, da katunan kyauta na Apple da Google Play, da rajistar Netflix, da shafukan Facebook masu tarin mabiya, har da asusun wasa da wani ya shekara yana ginawa. Kuɗin da ake biya dai na gaske ne. Tun daga 2022, lokacin da bankunan Najeriya da dama suka taƙaita ko suka dakatar da sayayya a shafukan ƙetare da katin naira saboda ƙarancin dala, mutane suka koma hannun dillalan WhatsApp da Telegram. Wasu bankunan sun sake buɗe wannan ƙofa a 2025, amma sabo ya riga ya kama. A cikin dillalan akwai masu amana, akwai kuma waɗanda damfara ce sana'arsu.

Salon 'yan damfarar ba ya wuce kaɗan. Dillali zai sa farashin da ya yi ƙasa da na kamfani sosai, ya jero hotunan hirarsa da wasu da ke cewa "na gani, Allah ya ƙara kasuwa". Sai ya ce, "Yallaɓai, tura kawai, minti biyar ya shiga." Ka tura, ka aika masa risit. Ya ce matsalar sabis ce, ka ƙara haƙuri. Bayan awa ɗaya hotonsa ya ɓace daga saman hirar, saƙonka ya tsaya a kan alama ɗaya. Wani salon ya fi wannan wayo: za a ba ka asusun wasan da gaske, ka shiga, ka canza lambar sirri, ka saki jiki. Bayan mako biyu ko uku mai shi na asali ya tuntuɓi kamfanin wasan da adireshin imel ɗin da aka fara buɗe asusun da shi, ya ce an yi masa kutse, a mayar masa da abinsa. Akwai kuma wanda zai zuba maka UC da katin da aka sace, daga baya mai katin ya kai ƙara, kamfanin wasan ya kwashe abin ko ya rufe asusunka.

Da zarar haka ta faru, tambayar kowa ɗaya ce: kuɗin za su dawo? Amsar ba ta rataya ga yawan kuɗin ko zafin da ka ji ba. Ta rataya ne ga hanyar da kuɗin suka bi suka fita.

Idan da kati ka biya

Wanda ya sa lambar katinsa na Visa, Mastercard ko Verve a shafin mai sayarwa shi ne ya fi kowa madafa, domin kamfanonin katin suna da tsarin janye biya. Kai za ka kai kuka bankinka, bankinka ya miƙa wa bankin mai sayarwa ta hannun kamfanin katin, a nemi mai sayarwa ya kawo shaidar cewa ya ba da kayan. Idan ya kasa, ko ya yi shiru har wa'adi ya cika, sai a cire kuɗin daga wajensa a mayar maka. A tsarin Visa da Mastercard, wa'adin shigar da irin wannan ƙara galibi kwana 120 ne daga ranar ciniki ko ranar da aka yi alkawarin kayan za su iso. Bankinka na iya neman ka kawo tun kafin nan, don haka kada ka jira.

Matsalar kayan da ba a taɓawa ita ce babu takardar dakon kaya, babu direban da ya kai, babu wanda ya sa hannu ya karɓa. Shaidar mai sayarwa ita ce bayanan kwamfuta: adireshin intanet da aka shiga da shi, nau'in wayar, imel ɗin da aka aika lambar, da lokacin da aka yi amfani da ita. Kai ma sai ka zo da naka irin wannan.

A nan ne mutane da yawa ke kashe ƙararsu da bakinsu. Kunya ko gaggawa kan sa mutum ya ce wa banki, "Ban san da wannan ciniki ba, cire mini kuɗi aka yi." Banki na dubawa zai ga an tura lambar OTP zuwa wayarsa, kuma shi ya shigar da ita. Shi ke nan, ƙara ta faɗi, an kuma ɗauke shi maƙaryaci. Banki ya bambanta cinikin da ba ka ba da izininsa ba da wanda ka biya da hannunka amma kaya ba su zo ba, ko suka zo ba yadda aka siffanta ba. Kowanne da layinsa da irin shaidarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

Idan kuwa daga Google Play, Apple ko Steam ka saya kai tsaye, fara da ƙofar mayar da kuɗi ta kamfanin kafin ka je banki. Steam, alal misali, yana mayar da kuɗin wasan da aka saya cikin kwana 14 idan ba a buga shi ya kai awa biyu ba. Tsallake wannan mataki na iya jawo a rufe maka asusu da duk abin da ka tara a ciki. Wannan ɗabi'a ta kulle asusun masu ƙalubalantar biya tana cikin abubuwan da hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta tuhumi kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite da su, inda a Disamba 2022 ya amince ya biya dala miliyan 245 don a mayar wa masu saye.

Idan taransifa ka yi

Mafi yawan cinikinmu a nan yake, kuma nan ne ya fi wuya. Kuɗin da aka tura daga banki zuwa banki, ko zuwa asusun manhajojin kuɗi na waya, suna bi ta tsarin NIP na kamfanin NIBSS, su isa cikin daƙiƙoƙi. Babu tsarin janye biya irin na kati. A idon banki, kamar ka ƙirga kuɗi ne ka damƙa wa mutum a tsakiyar kasuwa ya shige cikin jama'a.

Abin da ya rage shi ne a riga ɗan damfarar. Kira layin bankinka a take, ko da tsakar dare ne, ka ce damfara ce, ka nemi su sanar da bankin da kuɗin suka shiga don a dakatar da cirewa. Ba su lambar shaidar turawa, wato doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da ke jikin risit, da sunan asusun da lambarsa da lokacin. Kai ma ka rubuta wa bankin can. Idan kuɗin na nan, akwai fata. Sai dai ɗan damfara yakan kwashe su cikin mintuna a wajen mai POS ko ya rarraba su zuwa wasu asusun. Kuma ko an samu an riƙe, ci gaba da riƙe asusun mutum ko fitar da kuɗi daga ciki ba da yardarsa ba galibi sai da umarnin kotu, abin da ke nufin rahoton 'yan sanda da ɗawainiya.

Sunan da ya fito a risit ma sau da yawa ba na ɓarawon ba ne. Na wani ne da aka ba ɗan abin goro ya buɗe asusu da BVN ko NIN ɗinsa ya miƙa. Wanda ke ara wa aboki asusu "a turo masa saƙo" ya sani cewa ranar da bincike ya tashi, ƙofar gidansa za a fara ƙwanƙwasawa.

A Birtaniya, tun daga 7 ga Oktoba 2024 doka ta wajabta wa bankuna biyan mafi yawan waɗanda aka yaudara suka tura kuɗi da hannunsu, har zuwa fam 85,000. Kada wanda ya ji wannan labari daga ɗan'uwansa na Landan ya ɗauka haka abin yake a ko'ina.

Ga masu biya ta PayPal, akwai har zuwa kwana 180 na buɗe ƙara, da kwana 20 bayan nan na ɗaukaka ta idan ba a daidaita ba. Amma kuɗin da aka tura ta layin 'yan uwa da abokai ba su da wannan kariya, shi ya sa 'yan damfara ke nacewa a bi ta nan. Su kuwa kuɗin kirifto irin su USDT, da lambar katin kyauta da ka kankare ka tura hotonta, da wuya ƙwarai su dawo. Duk mai sayarwar da ya ce ta nan kaɗai yake karɓa, ya gaya maka ko shi wane ne.

Shaida da matakan ƙara

Kafin ka zagi mai sayarwar, kafin ka yi masa barazana, ɗauki hoton komai: tallar, farashin, alkawarin da ya yi, lambar wayarsa, sunan shafinsa, risit, da saƙon da ka nemi kayanka ko kuɗinka ya ƙi amsawa. Yana iya goge saƙonninsa cikin daƙiƙa guda. Sannan ka rubuta ƙorafinka a taƙaice, da kwanan wata da adadin kuɗi, ka karɓi lambar ƙorafi daga banki. Maganar baki a kan kanta ba ta barin sawu.

Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna, kuma ana iya kai takarda kowane reshensa, tare da shaidar cewa ka fara kai kuka bankinka. Idan kamfani ne mai rajista ya ci kuɗinka bai ba da kaya ba, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Ɓangaren laifi kuma na EFCC ne da cibiyar 'yan sanda mai yaƙi da laifukan intanet, ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024.

A yi hattara da damfara ta biyu. Da ka koka a Facebook ko X, za ka ga saƙonni daga masu cewa su ma'aikatan banki ne, ko gwanayen kutse da za su ƙwato maka kuɗinka idan ka ba da kafin alƙalami. Babu bankin da zai nemi lambar sirrin katinka ko OTP don ya mayar maka da kuɗi.

Da yawa kan ce, "Dubu goma ce, na bar shi da Allah." A kan wannan haƙurin ɗan damfara ya gina lissafinsa: yana karɓar kaɗan-kaɗan daga mutane da yawa don ya san babu wanda zai sha ranar layin banki a kan dubu goma. Barin mutum da Allah bai hana kai rahoto ba. Ƙorafe-ƙorafen da suka taru a kan asusu ɗaya su ke sa banki ya bincike shi, har a iya sa BVN ɗin mai shi a jerin waɗanda ake sa wa ido. Ko naka kuɗin ba su dawo ba, ka rufe masa hanya ɗaya. A ciniki na gaba kuma, kafin ka danna tura, ka tambayi kanka wa za ka kai wa ƙara idan kayan ba su zo ba. Idan ba ka da amsa, kada ka tura abin da ba za ka iya yafewa ba.